Kwano na Sha Biyu

Azumin bana ya sake faɗowa a tsakiyar bazara, ni kuwa dama zafi ba ya barina da haƙuri. Ina kwance a gindin darbejiyar tsakar gida, na jiƙa tsumma na ɗora a ka, sai ga autata Safiya, wadda ke karatun lissafi a jami'a a Kano, ta jawo tabarma ta zauna kusa da ni da kwamfutarta.

"Baba, aikin kammala karatuna a kan layi zan yi shi."

"Wane layi? Na waya?"

"Layin jira. Irin na asibiti ko na gidan mai. An ce kowa ya nemo misali daga garinsu, na ce ai ni a gidan mai inji aka haife ni."

Ta shiga yi min bayani tiryan-tiryan. Wai za ta yanka yini gida-gida, kowane gida minti kaza, a duba ko kwanon niƙa ya zo a cikinsa ko bai zo ba. Wai idan layi ya ƙare, mai aiki ya kan tafi hutu, ba zai koma bakin aiki ba sai kwano kaza sun taru. Lissafin nata shi zai fito da adadin da ya fi rage asara: kada a yi ta tayar da inji a banza, kada kuma mutane su daɗe suna jira.

Na cire tsumman daga kaina na tashi zaune. Na ce, "Me kika ce mai aiki ya kan tafi?"

"Hutu, Baba. Haka sunansa yake a littafi."

Hutu! Wallahi da ba azumi nake ba da na faɗa mata maganar da za ta tattara kwamfutarta ta bar min wajen. Shekara talatin da wani abu ke nan ban ji wannan kalma a kan inji ba, kuma sai ga ta a bakin 'yar cikina. Ta ga fuskata ta canja, ta sassauta murya ta ce abu ɗaya kawai take so in taimaka mata da shi. Ta san yadda za ta ƙiyasta man da inji ke sha in an tayar da shi. Gurbi ɗaya ne ya rage mata babu komai a ciki: asarar da kwano guda yake yi in ya zauna a layi yana jira. Me za ta rubuta a wajen?

Na ce ta rufe na'urar nan tukuna ta saurara.

Azumin da abin ya faru, shekara talatin da wani abu da suka wuce, shi ma a irin wannan zafin ya zo. Daminar da ta gabace shi ta ɗauke da wuri, gero bai gama cika ido ba ruwa ya tsaya cak. Muka yi girbin da bai kai rabin rumbu ba. Kafin watan azumi ya kama, gidaje da yawa a ƙauyenmu sun koma garin rogo da kwaɗon rama, ana auna hatsi da gwangwani. Zafi kuwa ba a magana. Ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmin roba, ruwan randa ya yi ɗumi tun kafin azahar, awaki su kwanta a jikin katanga suna haki ko kukan kirki ba sa iya yi. Iskar da ke kaɗawa ba ta sanyaya komai, sai dai ta busar maka da leɓe har ya tsage.

Lokacin ina da shekara ashirin da takwas, da matata Hanne, uwar su Safiya, da jariri ɗaya. Ni kaɗai ke da injin niƙa a ƙauyen, tsohon inji mai shan gas da na sayo hannu na biyu a Ɗanbatta. Yanzu in ka leƙa kowace unguwa za ka ga ƙaramin inji, a ja igiya sau ɗaya ya tashi, wasu ma da hasken rana suke aiki. Nawa ba haka yake ba. Sai ka zura masa hannun ƙarfe ka yi ta juyawa da ƙarfin ƙirji har ya kama, ya yi ta aman baƙin hayaƙi kafin ya daidaita. A gwajina, tashi ɗaya yana shan man da zai niƙa kwano uku, ban da ƙarfin da yake zuƙe maka kana da azumi a baki.

Gas kuma ya yi wuya a shekarar. Na shiga bas na je Tsanyawa na wuni, na dawo da jarka ɗaya tal, kuma mai sayarwar ya ce kada in sa rai da wata kafin sallah. Na ajiye ta a ɗakin inji, na samo kara na yi mata ma'auni. Kullum da safe sai in zura karan in duba inda ya jiƙe.

Na zauna na yi nawa lissafin, ba kwamfuta ba littafi. Kwana talatin, jarka ɗaya. In na ce duk wanda ya zo da kwano zan tayar masa, kafin goma ga wata mun koma turmi gaba ɗaya. Sai na yanke: ba zan tayar da inji ba sai kwano goma sha biyu sun jeru. Na faɗa a ƙofar masallaci, kowa ya ce hakan ya yi daidai.

Al'adarmu a wajen inji, mutum ba ya tsayawa a layi, kwanonsa ne ke tsaya masa. A kawo langa ko roba a ajiye a ƙarƙashin rumfa, a rufe da faifai, a ɗora dutse, a tafi. Kowa ya san kwanon kowa. Ba a taɓa tsallake wani, ko da mai shi ya tafi kasuwa. Ni kuma ina da ɗan lambu a fadama bayan gari, tafiyar da ba ta kai a ce nisa ba amma ta isa ta jiƙa maka riga. Mu ruwan madatsar Watari labarinsa kawai muke ji, namu ban-ruwan da jigo ne, ka sunkuya ka cika guga ka ɗaga ka juye, har bayanka ya daina jin kansa. Rijiyar ma ta ja ƙasa, sai ka jira ta tara. Albasar nan da tattasai su ne abin da nake fatan za su kai mu damina.

To ga yadda yinina yake. Bayan asuba in tafi lambu. Da hantsi in dawo in ƙirga kwanoni. In ba su cika ba in koma. Kafin azahar in sake dawowa in ƙirga. In koma. Bayan azahar, in dawo. Wata rana sau biyar nake wannan zirga-zirga cikin rana tsaka, harshena ya manne a dasashi. Wannan shi ne abin da mutanen garinmu suka raɗa wa suna hutu. In mace ta aiko a duba, sai a koma a ce mata, "Isuhu yana hutu." Har waƙa yara suka mayar da shi, in na wuce da guga a kafaɗa sai in ji ana rera min ta bayan danga.

Kwanakin farko abin ya tafi lafiya. Kafin azahar kwano sha biyu sun cika, in tayar, in gama da kowa, gero ya zama ƙullun kunu, wake ya zama ƙullun ƙosai, a sha ruwa cikin rufin asiri.

Sai matan gari suka gano wata dabara. Jiƙaƙƙen gero da surfaffen wake ba sa son zafi, in suka daɗe a ƙarƙashin rumfar nan sai su fara tsami. To me zai sa ki kai naki ya zauna a rana yana jiran na wasu? Ki ajiye shi a ɗaki kusa da randa, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ki kasa kunne. Ƙarar injina har ƙarshen gari ake jin ta. Da kin ji ya tashi, ki aika a guje.

Ka ji fa! Ni ina jiran kwanoni su taru in tayar, su kuma suna jiran in tayar su kawo. In dawo daga lambu in tarar da kwano biyar, in koma in dawo in tarar da shida. Ranar da aka yi sa'a suka cika, da inji ya yi ƙara sai ka ga gari ya ɓarke, kwano ashirin, talatin, ana ture-ture, ana rigimar wa ya riga wa, rana tana shirin faɗuwa ni ina tsaye cikin hayaƙi kamar zan shiɗe. Na yi magana a masallaci, na yi magiya, na yi faɗa. Kowane magidanci ya ce zai gaya wa iyalinsa. Washegari abin da ke nan shi ke nan. Kowace tana ganin nata kwano ɗaya ba shi zai hana komai ba.

Mutum ɗaya ce ba ta shiga wannan dabara ba, Iya Tabawa. Tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya tana aure can wajen Ɗanbatta. Kunnenta ya yi nauyi, sai ka ɗaga murya sosai take ji, saboda haka ba ta jin ƙarar inji daga gidanta. Ita da kanta take ɗauko langarta, wata fara mai jan fure da ta ɓantare a baki, ta ajiye ta a farkon layi tun hantsi, ta nemi inuwa ta zauna tana jan carbi. Ƙosai take soyawa a bakin masallaci in an kusa shan ruwa. Mudu biyu na wake shi ne duk abin da ta mallaka. Ta soya na yau, da abin da ta samu ta sayi waken gobe, ɗan abin da ya yi saura ta ci. In waken rana ɗaya ya lalace, ba ta da na sayen wani. Duk gari an san haka, ni ma na sani.

Sau uku ina karya dokata saboda ita. In ga kwano takwas, in ga tsohuwar nan a zaune, in ce bari dai in tayar. Kowane sau sai karan ma'aunina ya nuna min abin da na yi. Kuma matan gari suka ƙara samun ƙwarin gwiwa, suna cewa ai in Iya Tabawa ta gaji da zama Isuhu zai tayar ko kwano nawa ne.

Ranar sha takwas ga wata na zura kara na ga gas ya yi ƙasa da inda ya kamata da kusan kwana biyu. Raina ya ɓaci matuƙa. Bayan sallar azahar, a gaban liman da jama'a, wani ya tsokane ni da cewa yaya hutu, sai na ɗaga murya na ce wallahi tallahi daga gobe ba zan ƙara tayar da injin nan ba sai kwano goma sha biyu cif sun jeru, ko da uwar da ta haife ni ce a layin. Liman ya ce, "Isuhu, rantsuwa cikin azumi?" Na ce na yi, kuma kowa ya je ya faɗa a gidansa.

Washegari ita ce rana mafi zafi da na taɓa gani. Sama ta yi fari fat, ko tsuntsu babu. Da hantsi na dawo daga lambu na ƙirga: huɗu, langar Iya a gaba. Kafin azahar, bakwai. Bayan azahar, tara. Na ce a raina to, rantsuwa ta yi aiki, yau za a cika da wuri. Na koma na ɗebi guga ashirin ina ganin duhu-duhu a idona. Na dawo ana kiran la'asar.

Sha ɗaya.

Na sake ƙirgawa da yatsa. Sha ɗaya. Na leƙa hanya ta gabas, na leƙa ta yamma, babu kowa sai rana.

Iya Tabawa ta ɗaga faifan langarta ta sunsuna, ta mayar. Ta ce, "Isuhu, tayar da shi mana. Waken nan ya fara gajiya."

Na sunkuya kusa da kunnenta na ce, "Iya, saura ɗaya. Na yi rantsuwa."

"Ka yi me?"

"Rantsuwa!"

Ta bi layin da kallo. Can ta ce, "To ara min kwano in raba nawa biyu. Ka ga sun zama sha biyu ke nan."

Da na yi dariya na miƙa mata kwano, da yau babu wannan labari. Amma yunwa da zafi da haushin mutanen gari sun riga sun cika min ciki. Na ce mata wannan wayo ne, Allah ba a yi masa wayo, inji ma ba a yi masa. Na ce ta ƙara haƙuri kaɗan, yanzu wani zai kawo. Kuma don kada in tsaya ina kallon fuskarta, na ɗauki gugana na koma lambu. Wannan komawar ita ce ba ta da wani dalili. Albasar ta riga ta sha ruwa. Zama na yi a bakin rijiya ina huci, ina cewa yau sai sun gane kurensu, yau kowa ya daka a turmi ya ji yadda ake ji.

Na san fa rantsuwa tana da kaffara. Na san wanda ba shi da abin ciyarwa azumin kwana uku ne a kansa. Ni da nake azumin talatin, kwana uku ne za su gagare ni? Na sani sarai a lokacin, ba daga baya na sani ba. Kawai ba na son a ce a bakin masallaci Isuhu ya rantse jiya ya karya yau.

Da rana ta yi ja na dawo. Rumfa ta zama wayam, masu kwanoni duk sun aiko an kwashe, ana ta jin lugude daga gidaje, mata suna daka cikin gaggawa da masifa. Langa ɗaya ce ta rage, mai jan fure, da mai ita a zaune a gefenta. Tun kafin in ƙaraso na ji warin. Ta buɗe min. Waken ya yi kumfa, ya yi yauƙi, wani tsami yana tashi da ko akuya ba za ta kusanta ba.

Ba ta zage ni ba. Na so ta zage ni. Ta rufe langar, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce, "Ka ƙirga daidai, Isuhu. Sha ɗaya ne." Ta ɗora a ka ta tafi a hankali.

Na nufi gida ina ta zagin matan garin nan a zuciyata ɗaya bayan ɗaya, har da sunayen mazajensu. Wace marar imani ce ta riƙe kwano ɗaya ta bari tsohuwa ta yi asara? Na yi sallama na shiga. A bakin ƙofar ɗaki, kusa da randa, sai ga langar gidana a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, an ɗora mata gammo a kai, a shirye tsaf.

Na ce, "Wannan fa?"

Hanne ta fito da jariri a baya, ranta a ɓace. Ta ce, "Geron kunu ne mana, Malam. Tun azahar nake kasa kunne ban ji ka tayar ba. Yanzu da me za mu sha ruwa?"

"Tun azahar yana nan?"

"To in kai shi rana ya yi tsami? Kowa ma sai ya ji ƙara yake kaiwa."

Na tsaya ina kallon langar nan har aka kira magariba. Daga ƙofar gidana zuwa rumfar inji bai fi taku arba'in ba. Na yi wa duk magidantan gari faɗa su ja kunnen iyalinsu, ni ban taɓa buɗe baki na yi maganar a gidana ba, don a zatona matar mai inji ba ta cikin masu wannan hali. Ita kuma a nata ganin, tunda injin na mijinta ne, ai nata kwanon ba ya cikin ƙirga. Ranar da ruwa zalla muka buɗe baki, shi ma mai ɗumi.

A bakin masallaci wajen da Iya ke ajiye kaskonta babu kowa. Murhun duwatsu uku ne kawai da tsohuwar toka. Mutane suna ta tambaya yau ina ƙosai, wasu suna kallona.

Da safe na buɗe tukunyar da na rufe da toka, inda na adana irin waken da zan shuka, na auni mudu biyu na kai mata. Na tarar da ita tana share tsakar gida. Ta kalli waken, ta ɗebi kaɗan a tafin hannu, ta gane ko mene ne.

"Wannan iri ne."

"Iya, ki karɓa don Allah."

"In soya iri in sayar? Damina ta zo ka shuka me, ka ciyar da yarinyar nan da jaririnta da me? Mayar da shi inda ka ɗauko."

Na yi magiya har na durƙusa. Ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, ta yafe, amma ba za ta ci iri ba. Na bi gidaje uku neman waken ci, kowa ya nuna min gindin tukunya. A kasuwa kuwa ya yi tsadar da sai na jira albasa ta nuna, ita kuma saura wata guda. Na ce mata ta ba ni zuwa lokacin. Ta ce to.

Daga ranar na watsar da ƙirga. Na ce in an idar da azahar zan tayar, ko kwano biyu ne, wanda ya makara ya jira gobe. Abin haushi, sai ga shi kowa yana kawowa a kan lokaci, layi har bakin hanya, ba rigima ba ture-ture. Abin da na yi kwana goma sha tara ina haƙilo a kai, ashe maganinsa ke nan. Amma langa mai jan fure ba ta ƙara zuwa ba. Sauran azumin Iya Tabawa ta yi shi ne da abin da maƙwabta suka miƙa mata ta kan danga, matar da duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa jiran kwanon wani ba. Hanne kullum sai ta aika mata kunu, wata rana ta karɓa, wata rana a dawo da shi. Kwana biyu bayan sallah surukinta ya zo ya tafi da ita Ɗanbatta. Albasata ta nuna, na sayi wake mudu huɗu na ba direban bas ya kai mata. Ya dawo min da saƙon godiya, ya ce ta ce yanzu ba ta suya, ta ba 'yarta sun dafa. Ba ta ƙara dawowa garin nan ba, a can aka binne ta. Kaffarata na yi ta bayan sallah, kwana uku, ko wuya ban ji ba.

Na kai nan a labarin sai na ji motsi a bayana. Hanne ce, ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ashe tun ɗazu tana ji. Ta ce, "Malam, shekara talatin, har yau kana ɗora min kwanon nan?"

Na ce, "Ba ke nake ɗora wa ba."

Ta juya ta koma wajen kununta.

Safiya ta buɗe kwamfutarta a hankali. Ta ce a lissafinsu an ɗauka kwanoni suna zuwa ne da kansu, ba ruwansu da ko inji yana aiki ko ba ya yi, ba a sa masu kasa kunne a ciki ba, sai ta koma ta gyara. Ta ce kuma an ɗauka duk kwanoni asararsu ɗaya ce. Sannan ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko gas ɗin ya kai ni sallah.

Wannan ita ce tambayar da ban so ta yi ba. Ko Hanne ban taɓa gaya wa ba. Ranar sallah da safe, kafin in tafi idi, na shiga ɗakin inji na zura karan nan a jarka na zaro. Na ɗaga wa Safiya hannu, na haɗa yatsu uku a kwance na nuna mata.

"Saura haka," na ce. "Ya isa tashi biyar."

Ta kalli yatsun, ta kalli gurbin da ke jiranta a kwamfuta. Ta ce, "To Baba, me zan rubuta a nan ɗin?"

Na ce, "Rubuta mudu biyu na wake. In malaminku ya ce ya yi kaɗan, ki turo min shi."